Abin kunyar da ya zama abin dariya: wa ke da ikon ba da labarin?

Malam Habu (mai kula da zaure), Makka:
Assalamu alaikum jama'a. Na goge bidiyon da aka turo bayan la'asar, na dattijon nan da haraminsa ya kwance yana kan matakalar lantarki a cikin masallaci. Wanda ya turo ya same ni ta gefe, ya ce ai a zauren nan ba a kwana biyu ba a ba da labarin wani abin kunya an yi dariya ba, to me ya sa nasa ne kaɗai aka goge. Tambayarsa tana kan hanya, shi ya sa na fito da ita fili. Ni a wurina abubuwan biyu ba ɗaya ba ne, amma ina so mu ji ta bakin kowa, musamman iyayenmu da suka daɗe a ƙasar nan ta Saudiyya.

Nura Direba, Jidda:
Wa alaikumus salam. Malam ba sai an sakaya ba, ni ne na turo. Wallahi ban yi don tozarta kowa ba. Fuskar mutumin ma ba ta fito sosai ba, kuma bidiyon ya riga ya zaga duniya kafin ya zo hannuna. Mu da muke wuni a kan titin Jidda zuwa Makka, ga rana, ga fasinja, ga tunanin kuɗin igama, wato takardar izinin zama, in mutum bai samu abin da zai ɗan murmusa ba ai sai zuciya ta buga. Makon jiya Baba Ɗanjuma ya ba da labarin gahawa, har da ku Malam a masu dariya.

Baba Ɗanjuma, Makka:
Tunda Nura ya kira sunana bari in tanka. Ɗana, labarin gahawa na yayana ne, Allah ya jiƙansa, kuma zan maimaita shi, don akwai wurin da na tsallake wancan karon.

Yaya ya zo ƙasar nan zamanin Sarki Faisal, ta Sudan ya biyo, ya tsallako teku zuwa Jidda. Ya samu aiki a wurin wani ɗan kasuwa. Wata rana maigidan ya yi baƙi, ya ce shi ma ya shigo majalisa ya zauna. Yaron gidan ya zo da butar gahawa a hagu, finjalai a dama, yana zuba wa kowa 'yar kaɗan a gindin finjali yadda suka saba. Yaya ya shanye ya miƙa, yaro ya sake zubawa. Ya shanye ya miƙa, aka ƙara. Shi a tarbiyyarmu ta gida, abin da mai gida ya miƙo maka ba ka mayarwa, kuma ba ka barin saura. Ba wanda ya gaya masa cewa in ka ƙoshi girgiza finjalin ake yi kafin a miƙa. Sauran baƙi kowa ya sha biyu ko uku ya girgiza an wuce shi, saura shi kaɗai yaro ke tsaye a kansa. Gumi ya keto masa, hannu ya fara rawa, yaron yana satar kallon ubansa, buta ta kusa ƙarewa.

Ga wurin da na tsallake. Wani tsoho Balarabe da ke zaune kusa da shi, yana tsakiyar magana da maigidan a kan farashin shinkafa, ya miƙo hannu ya kama wuyan hannun Yaya, ya girgiza finjalin da shi, ya saki. Bai kalle shi ba, bai katse maganarsa ba. Yaro ya karɓi finjali ya tafi. Daren nan Yaya bai runtsa ba har aka kira asalatu.

Ya daɗe bai gaya wa kowa ba. Sai da ya zama shi ke karɓar sababbin zuwa a unguwar Tundubawi ta Makka sannan ya fara ba da shi, yana kwaikwayon rawar hannun nan, mu yi ta dariya har da hawaye. Amma duk sanda ya zo kan tsohon nan sai muryarsa ta canja, ya tsaya ya yi masa addu'a. Shi ya ba mu labarinsa da bakinsa, Nura, a lokacin da ya ga dama. Dattijon bidiyonka wa ya tambaye shi?

Ummu Hafsa, Jidda:
Allah ya jiƙan Yaya, Baba. Ni abin da ya fi damuna al'aura ce. Mutum ya yi shekara da shekaru yana tara kuɗi, watakila gona ya sayar ko shanu, ya zo ɗakin Allah. Bai taɓa ɗaura ƙyalle biyu marasa ɗinki ba, bai taɓa taka matakala mai tafiya da kanta ba, rana ɗaya aka haɗa masa duka biyun a cikin cunkoso. Wanda ke bayansa, maimakon ya yaye mayafinsa ya rufe shi, sai ya ciro waya. Wannan ne abin da ya kamata ya ba mu kunya a bidiyon.

Hajiya Mairo mai abinci, Misfala:
A kan bidiyo ina tare da Malam. Amma kada mu wuce gona da iri mu ce duk dariyar da wani ya yi wa wani rashin tausayi ce. Na daɗe ina dafa wa alhazai tuwo, na ga abin da shiru yake yi wa mai jin kunya.

Wata shekara, a wani masauki a nan unguwar Misfala ta Makka, wata Hajiya daga Kano ta kunna turaren wuta a ɗaki, taga a rufe saboda na'urar sanyi. Hayaƙi ya kai ga ɗan abin nan da ke manne a silin, ƙararrawar gobara ta ɗauka. Tsakar dare bene guda ya watse. An hana shiga lifta, tsofaffi na saukowa ta matakala suna salati, wani da buta a hannu, wata da jakar fasfo a wuya babu ko ɗankwali. Da aka gano ɗakin da hayaƙin ya fito, baiwar Allah nan ta shige banɗaki ta kulle. Ta daina fita jam'i, abincin da na kai sai in dawo in tarar da shi yadda na ajiye. 'Yan ɗakinsu kowa na lallaɓa ta, ana magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki, ba mai ambaton abin. Su a ganinsu sutura suke yi mata. Ita kuwa lallaɓawar ce ke ƙara gaya mata cewa ta yi abin da ba ya faɗuwa.

Ana nan sai wata tsohuwa Bazazzagiya daga ɗakin da ke kallon nasu ta turo ƙofa, ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Ina Bakanuwar nan da ta tashe mu tahajjud? Ashe ku Kanawa har ladan mace gare ku." Ɗakin ya yi tsit. Hajiyar ta ɗago kai, leɓe na rawa, mun ɗauka kuka za ta yi, sai dariya ta kufce mata. Ta ce, "Da ba don ni ba, ai ku Zagezagi sai rana ta take kuke salla." A ranar ta ci tuwo, a ranar ta koma Harami, su biyun tare suka tafi. Abin da lallashinmu ya kasa, tsokanar tsohuwar nan ta yi shi.

Malam Isuhu ɗan Maraɗi, Madina:
Hajiya kin taɓo inda yake. Abin da kakanni suka tanadar mana ke nan: Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, jika da kaka, taubashi da taubashiya. Mu a Nijar har UNESCO ta sa wasan dangin nan cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa, a 2014. Amma ku lura da ƙa'idarsa. A gaban mutum ake yi, mai yi yana da hurumin yi, kuma wanda aka yi wa yana da bakin ramawa. Hajiyar Kano nan take ta rama. Tsohon da ke cikin waya ta ina zai rama?

Nura Direba, Jidda:
To ai kun gani, Hajiya ma ta tabbatar dariya magani ce. Ni abin da ban gane ba, mutumin nan bai san ni ba, ban san shi ba, ba zai taɓa sanin na gani ba. Ina cutarwar take?

Hajiya Mairo mai abinci, Misfala:
Nura, wa ya ce maka ba zai sani ba? Jikokinsa ba su da waya ne? Kafin jirginsa ya sauka Kano ko Sakkwato bidiyon ya riga shi isa ƙauye. Manya na zaure suna yi masa barka da dawowa, yara na bayan katanga suna kallonsa tsirara. Mutanen garinsu ba sa bukatar fuska, da tafiyarsa ma sun gane shi.

Bashir, ɗalibi a Jami'ar Musulunci, Madina:
Allah ya gafarta wa iyayena, bari in ƙara ɗan abin da muka karanta, don kada wani ya ɗauka addini gaba yake da raha. A Sahihu Muslim, Jabir ɗan Samura ya ce Sahabbai kan zauna bayan sallar asuba suna tuna abubuwan da suka wuce na jahiliyya suna dariya, Annabi (SAW) yana murmushi. Akwai kuma Adiyyu ɗan Hatim. Da ya ji ayar azumi ta cikin Baƙara, wadda ta ce a ci a sha har farin zare ya bayyana daga baƙin zare, sai ya samo igiya baƙa da fara ya sa ƙarƙashin matashinsa, yana ta dubawa cikin dare bai iya rarrabewa ba. Da gari ya waye ya je ya faɗa wa Annabi (SAW), aka bayyana masa cewa duhun dare da hasken alfijir ake nufi, har Annabi ya ce masa lallai matashin nasa mai faɗi ne. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi, kuma Adiyyu da kansa ne ya ruwaito. Da ya so ya binne labarin da ba mu ji ba. Ya bar mana shi, ga shi yau ana karantar da hukuncin azumi da shi.

Sai ɗaya ɓangaren. Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau bishiya zai karyo asuwaki, ƙwaurinsa suka bayyana, sirara ne ƙwarai, mutane suka yi dariya. Annabi (SAW) ya tambaye su me suke wa dariya, suka ce sirantar ƙwaurinsa. Ya rantse cewa ƙwaurin nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Imamu Ahmad ya kawo shi. Mu da ke Madina muna ganin Uhudu kullum, mun san ba ƙaramin abu aka kwatanta ba. Sannan aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, maza da mata kowa aka ambace shi daban, don watakila waɗanda ake yi wa sun fi masu yi alheri.

Injiniya Kabir, Riyad:
Bayan maganar addini akwai ta hukuma, kuma mu baƙi ya kamata mu fi kowa kiyayewa. Dokar laifukan intanet ta ƙasar nan, wadda aka kafa a 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya ko ya ɓata masa suna ta waɗannan kafafen. Ɗan ƙasa in ya faɗa ciki zai gama hukuncinsa ya koma gidansa. Kai mai igama kana iya ƙarewa a tarhil, wato a kore ka daga ƙasar. Nura, kai da iyali ke jiran abin da za ka turo ƙarshen wata, ka yi wa kanka faɗa.

Sadiya, Madina:
Iyayena da yayyena ku yi haƙuri, akwai wani abu da ba a faɗa ba. Ana ta cewa in mai labari ne ya ba da labarinsa da bakinsa shi ke nan. Ba kullum ba ne. Akwai dariyar dole.

Farkon zuwana aikin gida nake yi. Akwai injin wanke kwanuka a kicin, ban taɓa ganin irinsa ba, ba wanda ya nuna mini yana da sabulunsa daban. Na zuba masa sabulun ruwa na wanke-wanken hannu na kunna. Ba a jima ba kumfa ta fara fitowa ta gefen murfi, ta rufe ƙasan kicin, ta gangara har falo. Ina tsaye a ciki da tsumma a hannu, na rasa inda zan fara. 'Yan matan gidan suka fito suka ɗauki waya. Daga ranar, duk sanda aka yi baƙi sai a kira ni a ce in ba da labarin kumfa. Ni nake bayarwa, da bakina, har ina dariya, saboda igamata a hannunsu take kuma ina da uwa a gida da ke jiran kuɗin magani. In na koma ɗaki sai in yi kuka.

Labarin nan dai shi na ba ƙanwata a waya bayan na bar gidan. Muka yi dariya har ta ce in dakata cikinta na ciwo, ita ma ta ba ni nata na ranar da ta fara aiki a wani shago. Ranar ce na ji abin ya sauka daga ƙirjina. Labari bai canja ba, mai faɗa ba ta canja ba. Masu saurare ne suka canja.

Kuma tunda na fara bari in ƙarasa. Mazan zauren nan, wasunku suna kawo labarin matansu majalisa, ta ƙona shinkafar kabsa ranar da aka yi baƙi, ta ɓata a Mina ta shiga tantin mutanen Indunusiya, ta yi kaza ta yi kaza. Ita tana bayan labule tana jin ana ƙyaƙyatawa da sunanta.

Alhaji Garba, Baɗha, Riyad:
'Yata Allah ya saka miki, abin da aka yi miki bai dace ba. Amma zancen miji da mata daban ne. Raha ce ta cikin gida. Ni na kan ba da labarin ɓatan uwargida a Mina, tantunan nan duk farare ne iri ɗaya, wa bai taɓa ruɗewa ba? Ba ta taɓa cewa komai ba.

Ummu Hafsa, Jidda:
Alhaji, ba ta taɓa cewa komai ba, ko ba a taɓa tambayarta ba? Yau in ka koma gida ka tambaye ta tsakaninka da ita. In ta ce ba komai har zuciyarta, to ka ci gaba. Kuma ka ba ta dama ita ma ta ba da naka a gaban ƙawayenta, mu ga ko rahar za ta yi daɗi.

Alhaji Garba, Baɗha, Riyad:
Zan tambaya, Hajiya. Amma har yanzu ina ganin gidan da ba a tsokanar juna ba gida ba ne.

Usman ɗan Maiwurno, Riyad:
Salamu alaikum dangi. Ban cika magana a zaure ba, amma wannan ta taɓa ni. Ni daga Sudan nake, kakanninmu suna cikin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna Maiwurno a bakin kogi. Mahaifiyata a Wad Madani take zaune. Da yaƙi ya iso garin a Disamban 2023 suka fita da ƙafa, daga baya suka samu bayan wata babbar mota zuwa Gadarif. Muka yi kwanaki ba mu ji ɗuriyarsu ba.

Ranar da waya ta shiga na shirya jin kuka, sai na ji Inna tana dariya. Wai da za su fita ta shiga ɗaki a guje ta sungumi jakar da take ajiye takardun gida da 'yan zinarenta, ta rungume a ƙirji, ba ta yarda kowa ya taya ta ɗauka ba duk tsawon hanya. Sai da suka sauka ta buɗe, ashe ta busasshiyar kuɓewa ce, jakunkunan iri ɗaya ne. Ta duba ƙafarta kuma, takalmi ɗaya nata, ɗaya na Baba. Ta ce, "Usmanu, mutane na ceton dukiya, uwarka ta ceto miya." Kuɓewar nan ita suka yi ta kaɗawa su da maƙwabtansu a makarantar da aka sauke su.

Na san dalilin dariyar. Ta san ina nan ba abin da zan iya sai tura kuɗi, ba ta so in kwana ina hango ta tana gudu. Ta zaɓi abin da za ta ba ni in riƙe. Takardun gidan har yau ba mu same su ba. Na yi dariyar tare da ita don na ga tana so, kuma ta taimake ni, ba zan ɓoye ba. Amma da wani ne ya ɗauke ta hoto a hanyar nan da takalma daban-daban ya watsa, ban san ranar da zan yafe masa ba.

Hajiya Mairo mai abinci, Misfala:
Allahu Akbar. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa. Usman ka gaishe mana da Inna, ka ce wata mai tuwo a Makka ta ce kuɓewa ma dukiya ce.

Nura Direba, Jidda:
Amin. Na ji duk abin da aka faɗa, kuma dokar zaure zan bi. Abu ɗaya dai ban sauka a kansa ba. Dariya wani lokaci kufcewa take yi. Ka ga mutum ya taka santsi ya zame, kafin ka yi tunani ta fito. Ba za a ce duk wanda hakan ta same shi mugu ne ba.

Bashir, ɗalibi a Jami'ar Musulunci, Madina:
Yaya Nura, ba wanda ya ce mugu ne. Wadda ta kufce ta kufce, sai ka haɗiye saura ka miƙa masa hannu. Amma ciro waya, da ajiyewa, da zaɓen zauren da za a tura, ba ɗaya daga ciki da ke kufcewa. A Bukhari akwai inda Annabi (SAW) ya yi wa mutane wa'azi a kan dariyar da suke yi wa wanda iska ta fita masa, ya ce don me ɗayanku zai yi dariya a kan abin da shi ma yana yi. Malamai kuma suna ba da labarin Hatimul Asammu, mutumin Balkh, cewa wata mata ta zo tambayarsa, irin wannan ta same ta a gabansa, sai ya ce ta ɗaga murya ba ya ji sosai. Ta samu natsuwa, shi kuma laƙabin Asammu, wato kurma, ya bi shi.

Malam Habu (mai kula da zaure), Makka:
Alhamdu lillahi. Ga abin da za mu tsaya a kai. Hoto ko bidiyon wani a halin kunya ba za a turo ba, ko an san shi ko ba a san shi ba. Labarinka naka ne, ka kawo mu sha dariya. Labarin wani, har da matarka da yaron shagonka, sai da yardarsa. Abokan wasa kuma filinku ne, muddin wanda ake tsokana yana zauren.

Abdurrahman, Hindawiyya, Makka:
Malam kafin a rufe, ina da tambaya ga iyaye. Ni a nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Zuwana Kano na farko na ɗaurin aurena ne. Da aka shigar da ni gaida surukina, na yi masa abin da muke yi wa babba a nan: na je har gabansa, na rungume shi, na sumbaci kansa, na zauna kusa da shi a kujera ɗaya ina kallon fuskarsa ina tambayarsa lafiya. A wurina iyakar girmamawa ke nan. Falon ya yi tsit, dattijon ya sandare, abokan ango na jan rigata ta baya. Sai daga baya aka gaya mini cewa suruki daga nesa ake durƙusa masa, kai a sunkuye, a gaisa a fita.

Dangin matata in sun taru har yau sai an tayar, kuma na san ba da mugunta suke yi ba. Matata ma tana cewa in saki raina. Ina so ya zama abin dariya a wurina yadda ya zama a wurinsu, amma bai zama ba tukuna, in na tuna sai in ji zafi a fuskata. Yanzu ga shi zai zo Umra da azumi, kuma a gidana zai sauka. Ban san yadda zan yi da shi ba.

Baba Ɗanjuma, Makka:
Jikana, kada ka tilasta wa kanka dariyar da ba ta zo ba, ba bashi ba ce. Ka je filin jirgi da kanka, kada ka aika kowa. In ka hango shi ka rage tsawo ka gaishe shi irin ta gida, ka karɓi jakarsa. A gida ka ware masa ɗaki, ka bar 'yarsa ta riƙa kai masa abin buɗa-baki. Ka kai shi gaida dattawan unguwa. A nan zai ga samari suna sumbatar kan iyayensu, watakila shi ma a sumbaci nasa, zai gane da kansa inda ka samo abin ba sai ka yi bayani ba. Kada ka tayar da maganar Kano. In shi ya tayar yana murmushi, to ya buɗe maka ƙofa ne, sai ka shiga. Kuma kada ka sa hannu a kwano ɗaya da shi sai ya kira ka.

Abdurrahman, Hindawiyya, Makka:
Na gode Baba. In ya kira ni fa, in ci ko in ce na ƙoshi?

Baba Ɗanjuma, Makka:
Na farko ka ce ka ƙoshi. In ya maimaita, je ka wanko hannu.